Takardar Da Ka Karkatar Ranar Juma'a

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi ran Pak Sangkala Daeng Rate a gidansa da ke bayan kasuwar kifi ta Tanjung Lemo, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. An yi masa sutura bayan la'asar ɗin ranar.

Ina hasumiyar kula da jirage ɗansa Irfan ya bugo mini waya. Na dubi agogon bango, na rubuta lokacin a gefen takardar da ke gabana, sannan na yi salati. Ba taurin zuciya ba ne. Kai ka koya mana haka, Pak: duk abin da ya shiga kunne, hannu ya fara rubuta shi, zuciya ta biyo baya.

Ƙungiyar ma'aikatan filin jirginmu ta ce ni zan rubuta maka ta'aziyya a mujallarta, tunda a cikin ɗalibanka ni ce mafi daɗewa da har yanzu ke bakin aiki. Sunana Darmawati. Na shigo aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama a 1995, a hannunka, yau kuma ni ke horar da masu shigowa. Na karɓi rubutun ban yi musu ba, don ina da abin faɗa. Shekara ashirin da bakwai ke nan ana kiranka a bayan ido "mutumin da ya bar jirage biyu a sama ya tafi masallaci". Har waɗanda aka haifa bayan abin sun iya faɗar haka. Rabin wannan magana nawa ne, kuma ban taɓa zuwa na karɓi rabona ba. Zan zo kanta. Bari in fara da alherinka, kamar yadda aka saba.

Mahaifina masassaƙin jiragen ruwa ne, kuma da farko ya ƙi yarda 'yarsa ta yi aikin da ba ya da Asabar ba ya da Lahadi, a ɗaki ɗaya da maza. Ka hau babur ka yi tafiyar awa uku zuwa ƙauyenmu. Ka zauna a kan gungumen katako, ka shanye kofin da aka kawo maka, kuna hirar tsadar ƙusa, ba ka ce uffan a kaina ba. Sai da ya gaji ya tambaya da kansa, kuna kiran juna Daeng, laƙabin girmamawa a wajenmu.

"To wai Daeng, me za ta yi a can saman ne? Tuƙa jirgin za ta yi?"

"A'a, Daeng. Hana su haɗuwa za ta yi."

"Shi ke nan aikin? Duk faɗin saman nan?"

"Duk faɗin teku, ba a taɓa kawo maka kwale-kwale biyu da suka yi karo ba?"

An taɓa kawo masa, ba sau ɗaya ba. Ranar ya sa hannu a takardata.

Pak Yulius Tandi, abokin aikinka Kirista ɗan ƙabilar Toraja ta kan duwatsu, bai taɓa yin Kirsimeti a hasumiya ba muddin kana hawa ta, domin kai kake karɓar masa aiki ba tare da ya roƙa ba. Ranar Sallah kuwa, daga filin idi hasumiya kake wucewa da kwandon burasa, shinkafar nan da matarka Bu Saenab ke naɗewa a ganyen ayaba, ka ajiye wa waɗanda aiki ya riƙe. Yulius yakan ce shi Sallah ta fi masa Kirsimeti daɗi, don ran Kirsimeti matarsa ke girki, ran Sallah kuwa matarka. Kai kuma ka ce masa ya je ya maimaita a gida in ya isa.

Ba ka da faɗa, ba ka ɗaga murya, amma muna tsoronka. Idan ɗalibi ya yi kuskure, sai ka ƙwanƙwasa bayan kujerarsa da fensir sau biyu, ba za ka ce ga kuskuren ba, shi zai nemo abinsa. Idan aka yi maka tambayar da amsarta ke kan allo, sai ka ce, "Idonki na hutu ne, Nak?" Nak kake kiranmu duka, kamar 'ya'yan cikinka, kuma haka ka ɗauke mu. Na koyi kallo a hannunka ƙwarai da gaske. Na kuma koyi kama bakina, ko da yake wannan ba ya cikin manhaja.

Ga waɗanda suka shigo aiki suka tarar da na'ura, sai in ɗan yi bayani. A wancan lokaci ba mu da gilashin da ke nuna inda jirgi yake, sai a 2003 ya iso mana. Da kunne da agogo da takarda muke aiki. Kowane jirgi yana da 'yar takardarsa, doguwa siririya kamar rula, a cikin mariƙin roba, an jera su a kan allo. A kanta ake rubuta sunan kiransa, hanyarsa, lokacinsa, da tsayin da aka ba shi izinin hawa ko sauka. Babbar dokar guda ce: jirage biyu a hanya ɗaya, dole a sami tazarar ƙafa dubu tsakanin na sama da na ƙasa. Abin da ke takarda shi ne a sama, abin da ba ya takarda babu shi. Idan akwai maganar da ba ta kammala ba a kan wani jirgi, sai a tura takardarsa gefe ta fito daga sahu, ta karkace. Duk wanda ya yi mako ɗaya a hasumiya ya san karkatacciyar takarda cewa take a dakata, akwai saura.

Juma'a kuma tana da nata tsarin. Da an kusa kiran sallah, maza Musulmi su sauka zuwa masallacin da ke bayan tashar 'yan kwana-kwana, mata da Kiristoci su riƙe hasumiya har a idar. Babu dokar da ta ce a yi haka, kowa dai ya taso ya ga ana yi. Ni ina son wannan awa, saboda a cikinta kaɗai ake bar mini babban teburi, wanda ke kula da masu tashi da masu tahowa. A lokacin ni kaɗai ce mace mai lasisi a filin, kuma watana biyar da samunsa.

Juma'ar 14 ga Maris, 1997, damina ce, gajimare ya rufe sama tun daga ƙafa dubu uku. Na makara da minti shida, motar haya ta maƙale a ruwan da ya cika titi. Matakalar hasumiya tana da hawa ɗari da goma sha biyu, ina tsakiyarta ladan ya fara kira. Na tarar da kai a tsaye, hula a kai, abin sauraro a hannu. Yulius yana teburin titin jirgi, ya ba mu baya, idonsa a gilashin taga.

"Biyu ne kawai, Nak. Ɗaya ya tashi ya yi arewa, ɗaya na tahowa daga arewa. Duk yana takarda."

Ka miƙo mini abin sauraro, ka nufi ƙofa.

Na zauna na dubi allo. Takardar mai tahowa ta ce ƙafa dubu goma sha huɗu. Takardar mai tafiya ta ce dubu tara. Ita wannan ta biyun a karkace take, ta fito daga sahu da kamar faɗin yatsa biyu. Na gan ta. Na waiwaya na ga bayanka a bakin ƙofa, kana laluben silifas da ƙafa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Cikin ƙiftawar ido na tuna ni na makarar da kai, na ji ladan ya kusa gamawa, na kuma tuna ka ce duk yana takarda, in na kira ka za ka tambaye ni ko idona na hutu. Sai na ce wa kaina hannun rigarka ne ya goge ta. Na sa yatsa na mayar da ita sahu.

Abin da ya faru kafin in shigo shi ne, mai tafiya ya nemi ƙarin tsayi, ka ba shi dubu goma sha uku, ƙafa dubu cif a ƙarƙashin mai tahowa, daidai da doka. Kafin ka rubuta, wayar tashar da ke maƙwabtaka da mu ta yi ƙara. Ka karkatar da takardar don ka tuna, ka amsa wayar, kana ajiyewa na shigo, ga kira na tashi. Shekara ashirin kana cewa a rubuta kafin a ɗauke yatsa daga maɓallin rediyo. Sau ɗaya ka saɓa, kuma ranar ce.

Ba a jima ba mai tahowa ya kira ni ya nemi izinin sauka. Na dubi takarda, na ba shi dubu goma, ƙafa dubu a saman wanda na ɗauka yana dubu tara. A allo lissafina daidai ne. A sama kuwa, ɗaya na hawa zuwa sha uku, ɗaya na sauka daga sha huɗu zuwa goma, a layi ɗaya, suna fuskantar juna, a cikin gajimare. Ɗaya na ɗauke da mutum arba'in da shida, ɗaya casa'in da takwas.

Na ji gudu a matakala. Ka shigo ba hula, hannun riga a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunka, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Kana ta haki. Ka ɗora jiƙaƙƙen yatsa a kan takardar mai tafiya, ka ce, "Sha uku."

Na danna maɓalli na ce wa mai tafiya ya juya dama nan take. Na ce wa mai tahowa ya juya dama nan take. Kowa ya maimaita abin da aka ce masa. Sannan na tambayi tsayinsu. Na farko ya ce dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu. Na biyu ya ce dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar. Daga nan babu abin da ya rage sai jira, na ƙirga daƙiƙa arba'in a agogon bango. Sai mai tahowa ya kira, muryarsa garau, yana tambaya ko ya koma kan hanyarsa. Babu abin da suka gani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta sun gifta juna da tazarar ƙafa ɗari uku a tsaye, ƙasa da mil ɗaya a kwance.

Yulius ya juyo ya cire abin kunnensa.

"Kai Sangkala, wace irin alwala ce wannan? Ka wanke rabi ka hauro mana da rabi?"

Babu wanda ya yi dariya. Ya dubi allon, ya dubi fuskata, ya gane. Ya rage murya.

"Sun wuce lafiya dai ko? To shi ke nan. Matuƙa ba su gani ba, fasinja na can suna cin biskit. Kaset ɗin nan kwana talatin ake shafe shi. Mu uku ne a ɗakin nan, ni kuwa kurma ne tun haihuwa."

Ka ce, "Miƙo mini fom ɗin rahoto."

"Haba Daeng! Wata biyu ya rage a ba ka shugabancin hasumiyar nan. Yarinyar nan fa? Tawadar lasisinta ko bushewa ba ta yi ba."

Ni ma na roƙe ka. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Pak, don Allah."

Ka ce, "Nak, Juma'a mai zuwa ma za a kira sallah."

Juma'ar ranar ta wuce ka. Ka sake alwala, ka yi azahar a kusurwar ɗakin, sannan ka zauna ka cika shafi biyu da hannunka.

Bayan mako uku kwamitin bincike na mutum uku ya zo daga babban birni. Kaset ya ɗauki duk abin da aka faɗa a rediyo, amma miƙa aiki baki da baki ake yi, kaset ba ya ɗauka. A rahotonka ka rubuta cewa ka ba da izini ba ka rubuta ba, ba ka kuma faɗa mini ba, sai dai ka karkatar da takardar. A kan wannan jimla ta ƙarshe komai ya tsaya. Shugaban kwamitin ya tambaye ni a gabanka.

"Da kika zauna, takardar a karkace take ko a sahu?"

"A sahu take, Pak."

Ya juya gare ka ya ce ko ka tabbata ka karkatar da ita. Ka dube ni, ba kallo mai tsawo ba. Ka ce, "In ta ce a sahu take, to a sahu take. Ita ta zauna a gabanta."

Ni aka dakatar da ni wata uku, aka sake mini horo, na koma kujerata. Kai aka hana ka shugabancin, aka kuma raba ka da rediyo har abada. Aka mayar da kai ofishin ƙasa inda ake karɓar takardun shirin tafiya daga matuƙa, ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye babura. A can ka yi shekara goma sha biyu har ka yi ritaya a 2009. Da na ce a karkace take, da laifin ya rabu biyu. Mai yiwuwa da wata shida za ka yi ka dawo sama, ni kuma lasisina ya tafi. Wannan lissafin na yi shi tun kafin in buɗe baki a gaban kwamitin, babu wanda ya yi mini.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ni ce na yi fushi. Na riƙe ka a zuciya saboda ka rubuta rahoton da babu wanda ya nema. Na koma bin ƙofar baya don kada in wuce ta ofishinka. In muka haɗu, gaisuwa ce iyakar wadda ba za a ce ban gaishe ka ba. Mutane suka fassara abin yadda ya yi musu sauƙi: malami ya yi sakaci, ya jawo wa ɗalibarsa dakatarwa, tana da haƙƙin ɗaure fuska. Na bar su a haka, don fassarar ta yi mini daidai.

Daga wannan ofishi na ƙasa ka rubuta ƙa'idar miƙa aiki da muke bi har gobe. Ranar Juma'a a fara miƙawa rabin awa kafin kira. Mai tashi ya tsaya a bayan kujera minti biyar bayan ya miƙa. Mai karɓa ya karanta kowace takarda da ƙarfi, sannan dole ya dubi mai tashi, ko da shugabansa ne, ko da sa'an ubansa ne, ya ce, "Me ba ka gaya mini ba?" Ka nace a sa kalmar dole, aka yi ta gardama da kai wata huɗu kafin a yarda. Mu muna kiranta tambayar Juma'a. Filaye da yawa a tsibirin nan sun ɗauka, sabbin ma'aikata kuma sun ɗauka daga ƙasashen waje aka kawo ta. Ni nake koyar da ita kowane wata. Idan aka tambaye ni asalinta sai in ce wani kuskure ne da aka taɓa yi a nan, su kuma su cika sauran da abin da suka ji a kantin shayi.

Duk tsawon shekarun nan burasata ba ta taɓa yankewa ba, har bayan ka yi ritaya, a ƙunshe daban da sunana a jiki. Da gurbin mai horarwa ya buɗe, sai daga baya na ji cewa akwai wasiƙarka a cikin fayil ɗina. Ban roƙe ka ba, ban kuma yi maka godiya ba.

Bayan kowace ƙaramar Sallah muna taruwa a zauren filin jirgi don neman gafarar juna. Manya su jeru, ƙanana su bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu. Kowace shekara nakan zo gabanka in ce, "Ina neman gafara, Pak, zahiri da baɗini." Ka ce, "Ni ma haka, Nak." Shekara ashirin da bakwai, amma sau ashirin da takwas, don shekarar 2000 ta zo da Sallah biyu. Kalmomin suna da sauƙin faɗa, tunda ba sa neman a ambaci laifin. Na ƙarshen a watan Afrilun bana ne, makonni kaɗan kafin rasuwarka. Kana zaune a kujera, ka rame. Ka riƙe hannuna ya wuce yadda aka saba.

"An ce yanzu takardun ma sun koma cikin gilashi. To akwai yadda ake karkatar da su?"

"Akwai, Pak. Launi suke canzawa."

"Ana gani dai sosai ko?"

"Ana gani."

"To madalla."

Na san ƙofa ka buɗe mini. Na zare hannuna na wuce ga na gaba a layi.

Ranar jana'iza, kafin a ɗauki makara, Irfan ya tsaya a ƙofar gida ya yi abin da ake yi. Ya ce duk wanda mahaifinsu ya ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya dubi Allah ya yafe masa. Idanu da yawa suka juyo wajena. Wata dattijuwa da ke gefena ta matse mini hannu ta ce, "Ki yafe masa, Bu Darma, ya riga ya tafi." Na ce na yafe, tare da kowa. Liman ya tambaya sau uku ko mutumin kirki ne, muka amsa sau uku cewa na kirki ne. Wannan shaidar kam gaskiya na faɗa.

Ranar addu'ar uku na sami Bu Saenab a madafa ta bayan gida, tana yanka albasa. Na tsuguna kusa da ita.

"Bu, akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Takardar nan ta ranar Juma'a…"

"A karkace take." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tun ranar da aka gama binciken ya gaya mini."

"Ya tabbata ke nan?"

"Ke dai Darma. Mutumin da ya karkatar da hannunsa? Na ce masa, kai wane irin mutum ne, koma ka faɗa musu mana! Ya ce shekara biyu yarinyar nan tana hannuna, na koya mata komai ban da ta kira ni in juyo. Wai wannan ma laifinsa ne." Ta share ido da bayan hannu, ban san ko albasa ce ba. "Ni fa kada ki ɗauka na yafe miki da wuri. Shekara goma ina naɗa miki burasa ina zaginki a zuci. Shi yake tsayawa a kaina sai ya ga na sa taki."

"Yanzu fa, Bu?"

"Yanzu na tsufa, zagi ma ƙarfi yake so. Amma jikokinsa makaranta ɗaya suke da 'ya'yan ma'aikatanku, kuma suna da kunne. Miƙo mini wancan kwanon."

A nan ban yarda da kai ba, Pak, kuma wannan ne karo na farko da na yi maka musu. Rashin kiranka a bakin ƙofa, wataƙila akwai hannunka a ciki. Amsar da na ba kwamiti kuwa tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya koya mini ita.

Ranar Litinin, 20 ga Mayu, na miƙa wa shugaban hasumiya ƙarin bayani a kan rahoton Maris 1997, na nemi a haɗa shi da na asali. Layi uku ne. Takardar a karkace take. Na gani, ban tambaya ba, na mayar da ita sahu. Na faɗa wa kwamiti abin da ba haka ba ne. Ban san abin da za su yi da shi ba. Wataƙila su ce zance ya tsufa, wataƙila su karɓe horarwa daga hannuna. Wannan ya rage nasu.

Masu faɗar maganar nan ta barin jirage biyu, ba zan hana ku ba, amma daga yau ku riƙa ƙarasa ta. Ya bar alama, amma wadda ta karɓe shi ta goge ta. Ya tuna a bakin famfo, ya hau matakala ɗari da goma sha biyu a guje da rabin alwala. Mutum ɗari da arba'in da huɗu suka isa gidajensu ba su san komai ba, har yau ba su sani ba. Sannan ya rubuta rahoto a kan kansa alhali an ba shi hanyar yin shiru. Tambayar da kuke yi wa juna kowace Juma'a, da kujerarsa ya saye ta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Bu Saenab, da Irfan da ƙannensa mata biyu, da jikoki bakwai, da Pak Yulius, wanda ya yi tafiyar awa huɗu daga kan duwatsu ya tsaya a gefen maƙabarta da hula a hannu har aka watse. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Ya Allah ka jiƙan bawanka Sangkala, ka yafe masa kurakuransa, wanda ya rubuta da wanda ya manta. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wadda ba ta cancanta ba, ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka rage, ka ba mu ikon faɗar gaskiya tun mai jinta yana da rai.

Ina neman gafara, Pak, zahiri da baɗini. Wannan ne karo na ashirin da tara, kuma shi ne na farko da na ambaci laifin. Ga shi ba ka nan balle ka ce mini, "Ni ma haka, Nak."